Shingen da Na Ƙi Zanawa a Setapak

Cikin duk ranakun da na yi a aikin nan, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce wata Talata a azumin shekarar 2020, ranar da aka ba ni umarnin in zana shinge a kan taswira in fitar da gidan da nake kwana a ciki.

Bari in fara da yadda na je can, tunda yawancinku a Kaduna kuka san ni. Sunana Sadiya, 'yar Gusau ce ni. Na bi maigidana Malam Nura zuwa Kuala Lumpur lokacin da ya samu tallafin karatun digirin digirgir, ni ma na yi digiri na biyu a fannin taswirar kwamfuta. Da na gama, wani ƙaramin kamfani da ke bayan Bukit Bintang ya ɗauke ni. Aikinsu gina shafukan intanet da manhajojin waya ga wasu kamfanoni. Matsayina ƙaramar injiniya. A samana akwai shugaban sashe, Mista Tan, a samansa kuma darakta, Puan Azlina, wadda ita ce mai kamfanin. Takardar izinin aikina a ƙasar da sunan kamfanin aka yi ta, wato idan suka sallame ni, ta mutu ke nan.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, ga abin da nake yi. Da can, sa taswira mai motsi a shafin intanet aiki ne na watanni. A lokacin da nake magana an riga an fito da sababbin kayan aiki da suka sauƙaƙa abin. Layukan kod kaɗan, wato umarnin kwamfuta, za ka rubuta, sai ga taswirar gari a cikin manhajarka, mutum ya ja ta da yatsa, ya buɗa, ya matse. Idan ya rubuta adireshinsa, kayan aikin su nemo wurin su dasa wata alama da muke kira fil. Kai kuma mai ginawa kana iya zana layi ka kewaye unguwa, ka ce wa manhajar duk fil ɗin da ya faɗa cikin nan a yi masa kaza. Wannan layin shi muke kira shinge. Ni kaɗai ce a ofis ɗin da ta iya kayan sosai, don haka duk aikin taswira teburina yake zuwa.

Da aka sa dokar kulle a watan Maris, muka koma aiki daga gida. Babban mai ba mu aiki a lokacin wani kamfani ne da ke sayo cefane a kasuwar Chow Kit ya kai wa mutane gida a babur. Ni na gina musu taswirar manhajarsu. Kafin annoba lallaɓawa suke yi, amma da aka rufe gari sai kowa ya koma kansu. Mutum ɗaya ake bari ya fita daga kowane gida, shi ma ba nisa. A rukunin benayenmu na Setapak, Blok A zuwa D, inda ɗaliban Afirka suka fi yawa, manhajar nan ta zama kasuwarmu. Maƙwabciyata Maman Ummi, 'yar Bauchi, mijinta ya tafi Najeriya tattara bayanan bincikensa aka rufe iyaka yana can. Ita kaɗai ce da yara uku, ƙaramarsu tana goye. Ba ta da wanda za ta bar wa su ta fita. Da manhajar take sayen komai, daga kifi har albasa.

A kamfaninmu ba a taɓa manhajar mai ba da aiki sai da tikiti. Tikiti takarda ce a kwamfuta da ke faɗin abin da za a canza, wanda ya nema, da dalili. Injiniya ya yi aikin, shugaban sashe ya duba ya sa hannu, sannan a sake shi ga jama'a. Ran Talatar nan da safe na buɗe kwamfuta na tarar da sabon tikiti daga Mista Tan. Ya rubuta a cire Blok A zuwa D daga yankin da ake kai kaya, kuma duk wanda ya yi oda daga can a nuna masa saƙo cewa a yi haƙuri, wurin ya yi nisa. Gurbin dalili kuwa fayau, ba a rubuta komai ba.

Na kira shi ta bidiyo.

Na ce, "Mista Tan, tikitin nan ba dalili. Kuma saƙon ba gaskiya ba ne. Ana kai kaya unguwannin da suka fi mu nisa da Chow Kit."

Ya ce, "Su suka nema, Sadiya. Aikin minti goma ne. Boleh lah, zai yiwu."

"Me ya sa suka nema?"

Ya ɗan cire tabarau ya goge. Ya ce manajan kamfanin cefanen ya kawo ƙara cewa masu babur sun gaji da benayen nan. Wai mutanen ciki suna ba da adireshin ƙarya, a je a rasa su, kifi ya lalace a rana. Sannan ga maganar da ke yawo a gari cewa baƙi ne ke yaɗa cutar. Ya ƙara da cewa, "Ba ke ake nufi ba. Ke daban ce."

Na ce, "A Blok C nake, hawa na tara. Ka sani, kai ka aiko mini da kujerar ofis nan."

Sai ya ce zai iya roƙon su bar adireshina ni kaɗai ya ci gaba da aiki.

Wannan maganar ce ta fi ɓata mini rai. Na ce masa, "Idan dalilin shi ne 'yan Afirka ne a ciki, ka rubuta haka a tikitin ka sa hannu, saƙon ma ya faɗi haka ga mai saye. Idan ba za ka iya rubutawa ba, ni ma ba zan iya zanawa ba."

Ya ce, "Kin san abin da kike yi kuwa? Kamfanin nan su ke riƙe da mu yanzu. Kuma takardarki saura 'yan watanni a sabunta."

Na ce na sani. Ya ba ni zuwa azahar in sake tunani.

Kada ku ɗauka ban ji tsoro ba. Na kashe kiran. Malam Nura yana falo yana fama da babi na huɗu na kundinsa, ya ji komai, domin gidan ɗaki biyu ne. Na bar jaririnmu Hanif yana barci, na fito na zauna kusa da shi.

Ya ce, "Maman Hanif, idan suka sallame ki fa? Tallafina bai zo ba tun da aka rufe, kin sani."

Na ce, "Abban Hanif, in zana shi, anjima Maman Ummi ta ƙwanƙwasa ta ce in duba mata wayarta ta ƙi karɓar oda, me zan ce mata? In ce mun yi nisa?"

Ya daɗe yana kallon kwamfutarsa. Sannan ya ce, "To ki ƙi. Amma ki ƙi a rubuce, kada ki ƙi da baki kawai."

Haka na yi. A ƙarƙashin tikitin na rubuta cewa ba zan aiwatar ba saboda ba a bayyana dalili ba, kuma saƙon da za a nuna wa masu saye ba daidai ba ne. Na sa sunana. Kafin la'asar Mista Tan ya cire ni daga aikin kamfanin cefanen gaba ɗaya, ya rufe mini hanyar shiga rumbun bayanansu, ya ba wani abokin aikina tikitin. Shi kuwa ya buɗe bayanin da ni kaina na rubuta na yadda ake zana shinge, ya bi shi layi-layi. Minti goman da aka ce kuwa shi ya ɗauka. Ƙin da na yi bai hana komai ba.

Washegari da hantsi Maman Ummi ta ƙwanƙwasa, takunkumi a fuska, jaririya a baya, waya a hannu.

Ta ce, "Maman Hanif, duba mini abin nan naku. Wai mun yi nisa. Jiya-jiya fa aka kawo mini kaji. Ko benen ne ya tashi ya koma wani gari?"

Na gaya mata gaskiya. Sai ta ce, "To yau da me za mu sha ruwa?" Ranar Malam Nura ne ya fita ya yi wa gida biyu cefane a ƙaramin kedai, wato kanti, na bakin titi, inda ba kifi ba nama, sai ƙwai da kabeji da taliya. Wasu gidajen suka koma tapau, wato sayo dafaffen abinci a ƙunshe, daga shagon abincin da ake kira mamak, su da suke da hali.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar adireshin ƙarya. Wa zai biya kuɗin kifi sannan ya ba da adireshin da ba nasa ba? Sai na tuna abin da ni kaina na saba da shi har na daina ganinsa. Duk lokacin da na yi oda, sai mai babur ya kira ya ce ya iso, in sauko get in tarar ba kowa. Sai mun yi ta waya, ni da guntun Malayancina, shi da guntun Turancinsa, kafin ya zagayo. Na ɗauka haka abin yake a ko'ina. Ban taɓa buɗe taswirar da na gina na duba inda fil ɗina yake faɗawa ba.

Ba ni da hanyar shiga bayanan kamfanin, kuma ban nemi ta bayan fage ba. Amma kayan taswirar na kowa ne. Na buɗe sabon shafi na gwaji a kwamfutata, na rubuta adireshin gidanmu kamar yadda yake a takardar haya. Fil ɗin ya tashi ya dira a tsallaken babbar magudanar ruwan da ke bayanmu, a wani rukunin gidaje mai suna kusan irin namu, kalma ɗaya ce ta bambanta su. A ido kusa ne, kana hango benenmu daga can. A babur kuwa sai ka fita babban titi ka yi doguwar kwana kafin ka iso get ɗinmu. Na gwada Blok A, na gwada B da D. Duk can suka faɗa.

Na jima zaune ina kallon allon. Kayan aikin ne suka yi kuskuren, amma ni na ɗora su ban gwada ba. Na gwada adireshin ofis, na gwada manyan kantunan Bukit Bintang, na ga sun faɗa daidai, na ce aiki ya yi. Unguwar masu ƙaramin ƙarfi, wadda nake ciki, ban gwada ba.

Na shiga zauren waya na matan benenmu na roƙi duk wadda ke da hoton tsohuwar odarta ta turo mini. Suka yi ta turowa, 'yan Najeriya, 'yan Sudan, 'yan Somaliya, har da wata tsohuwa Bamalayiya a Blok B da ita ma shingen ya haɗa da ita. A kusan kowane hoto fil ɗin yana tsallaken ruwa.

Saura bakin masu babur. Akwai wani dattijo, Pak Mat, da ya fi kowa kawo mana kaya, lambarsa tana wayata. Na kira shi da rana, ya ce yana kusa, zai tsaya a get. Na sauka, muka tsaya nesa da juna kamar yadda doka ta ce, maigadi yana taya mu fassara inda muka maƙale. Na nuna masa taswirar. Ya yi dariya har takunkuminsa ya zame.

Ya ce shi ya daɗe da sani, shi ya sa ba ya bin fil ɗin idan ya ga sunan benenmu. Amma sababbin da aka ɗauka bayan kulle ba su sani ba. Su je can, su kira, ba sa gane Turancinmu, mu ba ma gane Malayancinsu, ga wasu odar suna jira. A manhajar kuma zaɓi biyu ne kawai idan ba a haɗu ba: mai saye ya fasa, ko adireshin ƙarya. Sai su danna na biyun su wuce.

Wannan jerin zaɓin ma ni na rubuta shi.

Na tambaye shi ko zai yarda in ɗauki muryarsa yana faɗin haka. Ya ce, "Boleh. Ni ma an rage mini wurin aiki, benen nan huɗu rabin yinina ne."

Kwana biyu na yi ina haɗa shafi guda. Taswira ce mai motsi, da kayan aikin nan dai. Jan fil yana nuna inda manhaja ke tura mai babur, koren fil yana nuna get ɗin gaskiya, ga layin hanyar da ke tsakaninsu. Idan ka taɓa jan fil sai hoton odar ya buɗe, na goge sunaye da lambobin ɗaki. A ƙasa na sa muryar Pak Mat. Na kuma rubuta gyaran da ake bukata: a bar mai saye ya ja fil ɗinsa da yatsa ya ajiye a ƙofarsa, a dasa get ɗin manyan benaye da hannu, a ƙara zaɓi na uku ga masu babur cewa taswira ce ta kai su wani wuri. A layin farko na rubuta cewa kuskuren daga aikina yake.

Na tura wa Mista Tan. Ya amsa da layi ɗaya, cewa ba na cikin wannan aikin yanzu. Na jira kwana guda, na sake turawa. Shiru.

A tsarin kamfanin, ƙaramin ma'aikaci ba ya rubuta wa darakta kai tsaye, sai ta hannun shugaban sashensa. Yana cikin takardar da na sa wa hannu ranar da aka ɗauke ni. Ran Litinin da safe na tura wa Puan Azlina shafin, na sa Mista Tan a kwafi don kada a ce na zagaye shi a ɓoye.

Da azahar ta kira taron bidiyo, mu huɗu: ita, Mista Tan, manajan kamfanin cefanen, da ni. Ta ce in nuna. Na raba allona, na taɓa fil ɗaya bayan ɗaya, na kunna muryar Pak Mat. Manajan ya ce shi dai abin da ya sani shi ne rahoton yaransa, kuma ko an gyara taswira, mutanen benen nan suna da wahalar sha'ani.

Na ce, "Yallaɓai, wa ka taɓa yin magana da shi a cikinsu?"

Ya ce bai gane ba.

Na ce, "Ni ce ta farko, ga ni. Odata tana cikin jajayen nan, ta uku daga sama. An rubuta mini adireshin ƙarya, alhali ina tsaye a get da goyo ina jira."

Mista Tan ya ce, "Sadiya, a hankali."

Na ce a hankali nake. Na ce idan bayan an gyara har yanzu suna son cire benayen, kamfaninsu ne, amma su faɗa wa mutane dalilin gaskiya, kada su sa taswira ta yi musu ƙarya.

Puan Azlina ba mai yawan magana ba ce. Ta tambayi Mista Tan me ya sa tikitin ba dalili. Ya ce gaggawa ce. Ta tambaye ni kwana nawa gyaran zai ɗauka, na ce uku. Ta juya ga manajan ta ce za a yi gyaran kyauta tunda laifin daga wajenmu yake, amma kamfaninta ba zai ci gaba da nuna saƙon nan na nisa ba. Ya yi gunaguni, ya ce a gwada na mako biyu ya gani.

Aka mayar da ni kan aikin. Ran Alhamis aka sauke shingen. Da kaina na bi manyan benayen Setapak a taswira ina dasa get ɗinsu ɗaya bayan ɗaya, Pak Mat yana gyara mini ta waya inda na kauce. Mako biyun suka wuce ba wanda ya sake tayar da maganar. Ba wanda kuma ya ba mutanen benenmu haƙuri. Manhajar dai ta ci gaba da karɓar oda kamar ba abin da ya faru, kwana tara bayan ta daina.

Ni kuwa ran Juma'a takardar gargaɗi ta iso mini, kan ƙin bin umarni da tsallake shugaban sashe. Puan Azlina ce ta sa hannu. Ta kira ni ta ce doka doka ce, amma idan na rubuta wa Mista Tan takardar ban haƙuri za a cire gargaɗin daga fayil ɗina. Na ce na riga na nemi afuwa a rubuce kan fil ɗin da na bari ya faɗa tsallaken ruwa, domin wannan laifina ne. Na ƙin zana shinge kuwa ba zan nema ba. Ta ce in yi tunani. Na ce na yi. Takardar ta zauna a fayil. An sabunta mini izinin aiki a ƙarshen shekara, amma ƙarin girman da aka yi mini alkawari ya tafi ga abokin aikin nan da ya zana shingen. Ni da Mista Tan muka ci gaba da aiki tare har ni da Malam Nura muka dawo Najeriya, gaisuwa da tikiti kawai ke haɗa mu.

Abin da na ɗauka daga wannan shi nake so ku riƙe. Kayan aikin nan suna ƙara sauƙi kullum, yau ma kuna gani. Mutane kuma sun yarda da taswira fiye da yadda suka yarda da juna. Idan fil ya ce mutum yana can, shi kuma ya ce yana nan, shi za a kira maƙaryaci. Saboda haka kafin ku saki taswira, ku gwada ta a unguwar da ba wanda zai kai ƙara idan ta yi kuskure, ku kira mai babur ku tambaye shi. Za a kuma zo muku wata rana da layin da ake so ku ja, a ce ba komai, aiki ne kawai. Wataƙila idan kun ƙi wani zai ja, kamar yadda aka yi mini. Duk da haka ku tambayi su waye a cikin layin, ku sa a faɗa muku da baki. Idan mai neman ya kasa faɗa, ku ɗauke hannunku daga kan kwamfutar.